Kalmar "table": Daga allon rubutu zuwa zauren majalisa

A cikin kalmomin Ingilishi da ake fara koya wa yaro a makarantar firamare, da wuya a sami wadda ta kai "table" sauƙi. Malami zai bugi teburin da ke gabansa ya faɗi sunansa, yara su amsa baki ɗaya, sai a wuce zuwa kujera da ƙofa da taga.

To sai dai wannan kalma mai haruffa biyar ta taɓa haddasa zazzafar muhawara tsakanin manyan hafsoshin sojan Birtaniya da takwarorinsu na Amurka, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Har yanzu kuma takan ruɗa masu fassara da 'yan jarida da ɗalibai, saboda abin da take nufi a majalisar dokokin Birtaniya kishiyar abin da take nufi ne a majalisar dokokin Amurka.

Ma'anoninta na da yawa, amma kusan dukkansu sun samo tushe ne daga abubuwa biyu, wato allon da ake rubutu a kai, da kuma wurin da mutane ke zama su ci abinci ko su yi shawara. Wanda ya riƙe waɗannan biyun, sauran ba za su ba shi wahala ba.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga "tabula" ta harshen Latin, wanda shi ne harshen tsohuwar daular Rum. A wurin Romawa "tabula" na nufin shimfiɗaɗɗen katako, musamman wanda ake rubutu a kai, ko ake manna sanarwa, ko ake yin lissafi. Ma'anarta ta farko ke nan ta fi kusa da abin da Bahaushe ke kira allo.

Dokokin farko da Romawa suka rubuta, wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, an zana su ne a kan alluna 12 aka kafe a dandalin birnin Rum domin kowa ya gani. Shi ya sa har yau littattafan tarihin shari'a na Ingilishi ke kiransu "Twelve Tables", ko da yake babu wanda ya taɓa cin abinci a kansu.

Kalmar ta shiga tsohon Ingilishi tun kafin shekara ta 1000 da wannan ma'ana ta allo. Daga bisani, bayan da Normawa masu magana da Faransanci suka ci ƙasar Ingila da yaƙi a 1066, sai ta sake shigowa ta hanyar Faransanci, inda ta riga ta soma ɗaukar ma'anar abin da ake ɗora abinci a kai.

Sauran harsunan Turai ma sun gaji kalmar, amma kowanne da inda ya ajiye ta. A Jamusanci "Tafel" allon aji ne. A Sifaniyanci "tabla" katako ne, tebur kuwa "mesa" suke ce masa. A Italiyanci "tavola" tebur ne, kuma daga nan ne Larabawan wannan zamani suka aro "ɗawila".

Kafin a sami tebur

Kafin kalmar ta kafu, Turawan Ingila na kiran abin da suke cin abinci a kai "bord", wadda a yau ake rubutawa "board". Dalili kuwa shi ne a yawancin gidaje katako ne kawai ake ɗorawa a kan wasu ƙafafu na itace idan lokacin cin abinci ya yi, a kuma jingine shi a bango idan an gama.

Sannu a hankali sai baƙuwar kalmar ta ture 'yar gida daga ɗakin cin abinci. Amma tsohuwar ba ta mutu ba. Ita ce a cikin "boarding school", wato makarantar kwana, inda ake ciyar da ɗalibai. Ita ce kuma a "cupboard", kabad ɗin da asalinsa katakon jera kofuna ne. Haka nan hukumar daraktocin kamfani ana ce mata "board" ne saboda teburin da suke zama a kewaye da shi.

Tebur ya bar sawunsa a harkar kuɗi ma. Baitulmalin Ingila da ake kira "Exchequer" ya sami sunansa ne a ƙarni na 12 daga wani mayafi mai zanen gida-gida, kamar na dara, da ake shimfiɗawa a kan tebur ana ƙirga harajin sarki. Ministan kuɗin Birtaniya na ɗauke da wannan suna a cikin laƙabinsa har yau. Ita ma kalmar banki ta fito ne daga "banca" ta Italiyanci, wato bencin da 'yan canji ke baje kuɗi a kai a kasuwa.

A cikin gida

A ma'anarta ta yau da kullum, "table" kayan ɗaki ne mai shimfiɗaɗɗen sama da ƙafa ɗaya ko fiye. Jam'inta "tables". Ana furta ta kamar "teibul", ba a furta harafin ƙarshe.

Ana bambanta ire-irensa da kalmar da aka sa a gaba. "Dining table" na cin abinci ne. "Coffee table" shi ne gajeren nan da ake ajiyewa a tsakiyar falo. "Dressing table" mai madubi ne da mata ke kwalliya a gabansa, "bedside table" kuma ƙaramin da ke gefen gado. Wanda ake yi wa majiyyaci tiyata a kai a asibiti shi ne "operating table".

Akwai bambanci tsakaninta da "desk", wanda tebur ne na rubutu ko aikin ofis, galibi mai aljihuna, kuma na mutum ɗaya. A Hausa duka biyun tebur ne, shi ya sa ɗalibai da dama ke haɗa su.

Ƙananan kalmomin da ke zuwa kafinta su ma suna sauya ma'ana. Abin da ke "on the table" yana bisa teburin. Mutumin da ke "at the table" yana zaune ne a gabansa. Idan kuwa aka ce wani adadi yana "in the table", to ba a maganar katako sam, ana nufin yana cikin jadawali.

Shirya faranta da cokula kafin cin abinci shi ne "set the table", mutanen Birtaniya kuma sukan ce "lay the table". Kwashe kwanoni bayan an gama shi ne "clear the table". Ladubban cin abinci su ne "table manners".

Wani lokaci kalmar kan tsaya a madadin abincin kansa, ko mutanen da ke zaune. Idan aka ce dukkan "table" ɗin ya fashe da dariya, jama'ar da ke kewaye da shi ake nufi. A kan wannan ma'ana ta abinci ne masu fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Ingilishi da dama suka fassara sunan Suratul Ma'ida da wannan kalma.

Batun cokali

Akwai wuri guda a cikin gida da kuskuren fahimtar wannan kalma ke iya zama haɗari, wato wajen awon magani.

"Tablespoon" babban cokali ne, kuma a matsayin ma'auni yana ɗaukar mililita 15 a Birtaniya da ƙasashe da dama. Na Amurka ya ɗan gaza haka kaɗan, wajen mililita 14.8. A Ostareliya kuwa mililita 20 ne.

"Teaspoon", wato cokalin shayi, mililita 5 ne kacal. Ke nan babban cokali ya ninka ƙaramin sau uku.

Matsalar ita ce yadda ake taƙaita su a rubuce. Na farko "tbsp", na biyu "tsp", harafi ɗaya ne tsakaninsu. Uwar da ta karanta takardar magani cikin gaggawa ko cikin duhu na iya ɗura wa jariri ninki uku na abin da likita ya rubuta.

Wannan ne ya sa likitocin yara da masu harhaɗa magunguna ke ba da shawarar a riƙa auna maganin ruwa da mililita, ta amfani da ɗan kofi ko sirinjin da ke zuwa tare da kwalbar, domin cokulan da ke cikin gidaje girmansu ba ɗaya ba ne.

Ma'anar jadawali

Tsohuwar ma'anar allo ba ta ɓace ba. Ta rayu a cikin makarantu da ofisoshi da shafukan wasanni, inda "table" ke nufin bayanai ko alƙaluma da aka jera layi-layi, a tsaye da a kwance. A nan Hausa na da tata kalmar, jadawali, wadda ta aro daga Larabci.

Wannan ma'ana na da alaƙa da tarihin ilmin Musulmi. Masana taurari na zamanin daular Abbasiyya sun tsara jadawalai na tafiyar rana da wata da taurari, waɗanda ake kira "zij". Wani masani Bature, Adelard na garin Bath, ya fassara na Al-Khwarizmi zuwa Latin a ƙarni na 12, kuma kalmar "tabulae" ce Turawa suka yi amfani da ita ga irin waɗannan ayyuka. Jadawalan birnin Toledo na Andalus su ma sun yi tashe a Turai na tsawon lokaci.

Daga nan aka ci gaba. John Napier na Scotland ya buga jadawalin logaridim a 1614, wanda ya sauƙaƙa wa masu lissafi da matuƙan jiragen ruwa aiki. Jikan wannan jadawali shi ne ɗan littafin nan "four-figure table" da ɗaliban sakandare a Najeriya suka sani.

A 1869 masanin kimiyya ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadarai bisa nauyinsu da halayensu, ya kuma bar gurabe ga waɗanda ba a riga an gano ba. Wannan shi ne "periodic table", wanda a yau ke ɗauke da sinadarai 118.

"Times table" shi ne jadawalin ninkawa da yara ke haddacewa. "Timetable" jadawalin lokuta ne, na darussa ko na tashin jirage, kuma ya yaɗu ne a ƙarni na 19 tare da jirgin ƙasa. "Table of contents" shi ne jerin abubuwan da ke cikin littafi.

A fagen ƙwallon ƙafa, "league table" ya soma ne da gasar Ingila da aka kafa a 1888 da ƙungiyoyi 12. Masu sharhin wasanni a Hausa sun saba cewa ƙungiya kaza na saman tebur, ko tana can ƙarshen tebur, kuma masu sauraro sun karɓi wannan salo ko da yake jadawali ake nufi.

Saɓanin London da Washington

Babban ruɗanin yana tasowa ne idan aka yi amfani da kalmar a matsayin aikatau, wato "to table".

A Birtaniya, idan ɗan majalisa ya yi "table" ɗin wani ƙuduri ko tambaya ko gyara, to ya gabatar da shi ne a hukumance domin a tattauna. Haka abin yake a yawancin ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka.

A Amurka kuwa, yin "table" ɗin ƙuduri na nufin jingine shi. A majalisar dattawa da ta wakilai ta ƙasar, shawarar yin hakan ba a muhawara a kanta, rinjaye mai sauƙi take buƙata, kuma idan ta wuce, galibi maganar ta mutu ke nan.

Tsohon firayim ministan Birtaniya, Winston Churchill, ya ba da labarin yadda wannan bambanci ya taɓa kawo cikas, a cikin juzu'i na uku na littafinsa kan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka buga a 1950.

Bayan Amurka ta shiga yaƙin a watan Disamban 1941, hafsoshin ƙasashen biyu sun riƙa zama tare domin tsara dabarun yaƙi. Wata rana na Birtaniya suka shirya takarda kan wani batu da suke ganin na gaggawa ne, suka shaida wa Amurkawa cewa suna son a yi "table" ɗinta.

Amurkawan suka ɗauka ana so ne a jefa takardar cikin aljihun tebur a manta da ita, alhali su ma suna ganin batun na da muhimmanci. Aka daɗe ana ja-in-ja har rai ya soma ɓaci, kafin a gano cewa bakinsu ɗaya, abu guda suke nema.

Abin mamaki shi ne duka ma'anonin biyu daga wuri ɗaya suka fito, wato ajiye takarda a kan teburin majalisa. A zauren majalisar wakilan Birtaniya akwai wani babban tebur tsakanin ɓangaren gwamnati da na 'yan adawa, inda akawunan majalisa ke zama, inda kuma ake ɗora sandar majalisa. Wanda ke wurin a yanzu kyauta ce daga Kanada, bayan da jiragen yaƙin Jamus suka lalata zauren a 1941, aka sake buɗe shi a 1950.

A al'adar London, takardar da ta hau wannan tebur ta shiga hannun majalisa ke nan. A al'adar Washington kuwa, abin da aka ajiye a tebur yana nan kwance har sai an waiwaye shi, kuma sau da yawa ba a waiwayarsa.

Wannan dabara ta taka rawa a tarihin Amurka. Daga 1836 zuwa 1844 majalisar wakilan ƙasar ta yi aiki da wata ƙa'ida da ta tanadi cewa duk takardar koke da aka kawo kan batun bauta, a ajiye ta a tebur kai tsaye, ba karantawa, ba muhawara. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda ya koma majalisar a matsayin wakili, ya shafe shekaru yana yaƙar ƙa'idar kafin a soke ta.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ta ari tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta kuma koma kansa a 1999, da majalisar dattawa da ta wakilai. Amma Ingilishinta na Birtaniya ne.

Saboda haka idan jaridar Legas ko Abuja ta ce wani sanata ya yi "table" ɗin wani batu, ana nufin ya gabatar da shi. Sashe na 81 na tsarin mulkin 1999 ma ya wajabta wa shugaban ƙasa ya sa a shimfiɗa ƙiyasin kasafin kuɗi a gaban majalisun biyu, wanda salo ne da aka gada daga London.

Haɗarin yana ga mai fassara labaran ƙasashen waje. Idan rahoto ya zo daga Washington cewa majalisar dattawa ta yi "table" ɗin wani ƙuduri, aka fassara da cewa ta gabatar da shi, to an juya labarin baki ɗaya. Fassarar da ta dace ita ce majalisar ta yi watsi da shi, ko ta jingine shi.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne su kansu Amurkawa, idan suka ce abu yana "on the table" a maganar yau da kullum, suna nufin ana duba yiwuwarsa. Shugaba George W. Bush ya sha amfani da wannan salo kan shirin nukiliyar Iran, kuma masu sharhi sun fahimci cewa yana nufin bai kawar da yiwuwar ɗaukar matakin soja ba.

Kishiyarsa shi ne "off the table". Da shi ne Nancy Pelosi ta yi amfani a 2006, lokacin da jam'iyyar Democrat ta sami rinjaye a majalisar wakilai, domin nuna cewa ba za a nemi tsige Shugaba Bush ba.

Siffar tebur a diflomasiyya

A harshen siyasar duniya tebur na nufin tattaunawa. Daga Ingilishi ne kafofin yaɗa labarai na Hausa suka ɗauko "teburin shawara" da "teburin sulhu", waɗanda a yau suka zama 'yan gida.

"Round table" taro ne da ake ɗaukar kowa daidai da kowa, tun da tebur mai da'ira ba shi da kai balle ƙarshe. Tunanin ya samo asali daga tatsuniyar Sarki Arthur da jarumansa, kuma marubucin nan Wace ne ya fara ambaton teburin a 1155. A birnin Winchester akwai wani ƙaton tebur mai da'ira rataye a bango da aka daɗe ana dangantawa da sarkin, amma bincike ya nuna cewa wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka sassaƙa shi.

Tarurruka da dama sun ɗauki wannan suna. Akwai waɗanda aka yi a London daga 1930 zuwa 1932 kan makomar Indiya, inda Mahatma Gandhi ya halarci na biyu a 1931. Akwai na birnin Brussels a farkon 1960, inda aka tsayar da 30 ga watan Yuni a matsayin ranar 'yancin kan Kongo. Akwai kuma na Poland a 1989 tsakanin gwamnatin kwaminisanci da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity, wanda ya buɗe hanyar zaɓen watan Yunin wannan shekara.

Wani lokaci kuma katakon kansa ne ke zama abin rikici. A ƙarshen 1968 shawarwarin kawo ƙarshen yaƙin Vietnam a birnin Paris sun tsaya cik na tsawon makonni, saboda an kasa daidaitawa kan siffar teburin da za a zauna.

Vietnam ta Arewa na son zaman da zai nuna ɓangarori huɗu masu matsayi ɗaya, har da 'yan tawayen kudu. Gwamnatin Vietnam ta Kudu kuwa ta ƙi, domin a ganinta hakan amincewa ne da 'yan tawayen. Sai a watan Janairun 1969 aka amince da tebur mai da'ira, da wasu ƙananan tebura biyu a gefensa. Duk tsawon wannan lokaci ana ci gaba da gwabza faɗa, kuma ba a sanya hannu kan yarjejeniya ba sai a watan Janairun 1973.

Salon magana

Ingilishi na da salon magana da dama da aka gina a kan wannan kalma, kuma fassara su kalma da kalma kan ɓatar da mai sauraro.

"Under the table" na nufin biyan kuɗi a ɓoye, ko dai cin hanci ko kuma albashin da ba a sanar da hukumar haraji ba. Bahaushe zai ce an bi ta bayan fage, ko an ba da na goro.

"Turn the tables" na nufin wanda ake rinjaya ya koma shi ne mai rinjaye, abin da Hausawa ke cewa reshe ya juye da mujiya. Salon ya fito ne daga wani tsohon wasan allo da ake kira "tables", dangin wanda Larabawa ke bugawa a shagunan shayi.

"Put food on the table" shi ne ciyar da iyali. "Lay your cards on the table" daga wasan karta ya fito, ma'anarsa a fito fili a faɗi gaskiya, a daina rufa-rufa. Abin da mutum ya "bring to the table" shi ne gudunmawar da yake da ita, ko dukiya ko basira ko ƙwarewa.

"High table" asalinsa teburin da manyan malamai ke cin abinci a kai ne a kwalejojin Oxford da Cambridge, a kan wani ɗan dandamali. A Najeriya ya zama wurin zaman manyan baƙi a taron ƙaddamar da littafi ko bikin aure, kuma kowa ya san yadda rai kan ɓaci idan mai gabatarwa ya manta bai kira wani babba can ba.

Dangin kalmar

Kalmomi da dama sun tsiro daga wannan tushe. "Tablet" asalinta ƙaramin allo ne. Da ita ake fassara Lauhul Mahfuz da allunan Annabi Musa zuwa Ingilishi. Daga baya ta zama sunan ƙwayar magani, a wannan zamani kuma sunan kwamfutar hannu mai kama da allo.

"Tabloid" suna ne da kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome ya yi wa rajista a 1884 domin ƙwayoyinsa da aka matse. Daga bisani aka ara wa jaridu masu ƙananan shafuka da gajerun labarai.

"Tabulate" shi ne jera bayanai a jadawali. Na'urar da Herman Hollerith ya ƙera domin wannan aiki ce aka yi amfani da ita a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM.

A ilmin ƙasa, "water table" shi ne matakin da ruwa ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wanda mai haƙa rijiya ke nema. "Tableland" tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, kamar na Jos ko na Mambila. Dutsen nan mai tsawon sama da mita 1,000 da ke bayan birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, siffarsa ce ta jawo masa sunan Table Mountain.

"Table tennis" kuwa wasa ne da ya samo asali a gidajen Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma shiga gasar Olympics a 1988.

Tebur a bakin Bahaushe

Hausa ta ari kalmar a zamanin mulkin mallaka, tare da makarantar boko da ofis da kanti. Kafin nan tabarma da buzu da faifai da akushi sun wadatar, rubutu kuma a kan allo ake yi, a bisa cinya.

Da ta shigo sai aka gyara mata zama. Sautin "l" na ƙarshe ya koma "r", kamar yadda ya faru da fensir da kyandir. Aka kuma ba ta jam'i irin na Hausa, tebura ko teburori.

Ta kuma haifi ma'anar da babu ita a Ingilishi. "Mai tebur" shi ne ƙaramin ɗan kasuwar da ke baje alewa da ashana da sabulu da sukari a bakin titi ko ƙofar gida. Teburin mai shayi kuwa majalisa ce mai zaman kanta, inda ake sauraron rediyo ana tafka muhawara kan siyasa da ƙwallo.

Sai dai tebur ɗin Hausa bai ɗauki dukkan nauyin da "table" ta Ingilishi ke ɗauke da shi ba. Mai fassara na da aƙalla kalmomi biyar da zai zaɓa daga ciki: tebur idan kayan ɗaki ne, jadawali idan alƙaluma ne, allo idan tsohon rubutu ne, gabatarwa idan majalisar London ce ko ta Abuja, jinginewa kuma idan ta Washington ce.

Saboda haka ƙwararrun masu fassara kan duba abu biyu kafin su sa alƙalami: ko kalmar suna ce ko aikatau, sannan daga wace ƙasa labarin ya fito. Idan kuma ana rubuta wasiƙa ko yarjejeniya da za ta je hannun mutanen ƙasashe dabam-dabam, hanya mafi aminci ita ce a kauce wa aikatau ɗin gaba ɗaya, a yi amfani da "submit" idan gabatarwa ake nufi, ko "postpone" idan ɗagewa ake so.